Hutu a Wurin Aiki: Tambayoyi da Amsoshi kan Haƙƙin Ma'aikaci da Nauyin da ke kan Ubangida

Dokokin ƙwadago sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka adadin mintoci da kwanakin da aka ambata a nan misalai ne daga dokokin ƙasashe daban-daban da kuma yarjejeniyoyin duniya. Abin da ya hau kan kowane ma'aikaci shi ne dokar ƙasar da yake aiki a cikinta, sannan takardar ɗaukarsa aiki. Da kalmar "ubangida" ana nufin duk wanda ya ɗauki wani aiki yana biyansa, ko mutum ɗaya ne, ko kamfani, ko hukumar gwamnati.

Shin hutu haƙƙi ne, ko kuwa alfarma ce da ubangida ke yi wa ma'aikaci?

Haƙƙi ne, kuma an daɗe da rubuta shi. Yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta amince da ita a shekarar da aka kafa ta, 1919, a kan lokacin aiki take, inda ta kayyade awa 8 a rana da awa 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. Bayan shekara biyu, a 1921, aka ƙara wata da ta wajabta hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana 7. Sashe na 24 na Kundin Haƙƙin Ɗan Adam na Duniya na 1948 ya tabbatar wa kowa haƙƙin hutawa, da iyakance lokacin aiki, da samun hutu lokaci-lokaci tare da biya.

Sai dai yarjejeniyar ILO ba ta hawa kan ƙasa sai ƙasar ta rattaba hannu ta amince da ita, kuma ma'aikaci ba ya cin moriyarta sosai sai an shigar da ita cikin dokar cikin gida. Abin da doka ta kayyade kuwa mafi ƙanƙanta ne. Kwantiragi ko yarjejeniyar da ƙungiyar ma'aikata ta ƙulla da kamfani tana iya ƙarawa a kai, amma galibi ba ta da ikon ragewa.

Awa nawa mutum zai yi yana aiki kafin a ba shi damar sararawa?

Yawancin dokoki sun tsaya tsakanin awa 5 da awa 6. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 kan lokacin aiki ta ce duk wanda aikinsa na yini ya wuce awa 6 yana da haƙƙin hutu, ta bar wa kowace ƙasa ta yanke tsawonsa. Birtaniya da Faransa sun yanke minti 20. Jamus ta yanke minti 30, idan kuma aikin ya haura awa 9 sai ya zama minti 45. A Japan minti 45 ne ga wanda ya wuce awa 6, awa guda ga wanda ya wuce awa 8. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda yake aikin awa 6 ko fiye a ba shi hutu sau ɗaya ko fiye, wanda jimillarsa ba ta gaza awa guda ba. A Afirka ta Kudu awa guda ce bayan aikin awa 5 a jere, a Saudiyya kuma ba a yarda ma'aikaci ya wuce awa 5 a jere ba tare da hutun aƙalla minti 30 ba.

Amurka ce ta fita daban, domin dokar tarayyarta galibi ba ta tilasta wa ubangida ya ba ma'aikaci baligi hutun tsakiyar aiki ba. Jihohi ne ke cike giɓin, kuma ba dukansu ba. Kalifoniya, alal misali, ta wajabta minti 30 na cin abinci ga wanda ya wuce awa 5, da minti 10 na hutawa a kowace awa 4.

Ana biyan ma'aikaci kuɗin lokacin da yake hutun tsakiyar aiki?

A nan ne rigima ta fi yawa, kuma tambayar da ke warware ta guda ɗaya ce: a wannan lokacin da ake kira hutu, lokacin na wane ne? Idan ma'aikaci yana iya tashi daga kujerarsa, ya fita waje, ya yi abin da ya ga dama, ba tare da kowa yana da ikon kiransa ba, to lokacinsa ne, kuma ƙasashe da yawa sun yarda kada a biya shi. Idan kuwa har yanzu yana ƙarƙashin umarni, lokacin na ubangida ne, kuma aiki ne ko da an sa masa sunan hutu.

A ɗauki mai karɓar baƙi a ƙofar ofis. Jadawali ya nuna tana da hutun minti 30 da tsakar rana, kuma ana cire kuɗin wannan rabin awar daga albashinta. Amma babu wanda zai zauna a madadinta, don haka a kan teburinta take cin abinci, cokali a hannun dama, kan waya a kusa da hannun hagu. Waya ta yi ƙara sau biyu ta amsa, wani baƙo ya shigo ta miƙe ta nuna masa hanya, ta dawo ta tarar abincin ya huce. A takarda ta huta. A idon doka, a ƙasashen da suka yi bayani kan wannan, ba ta huta ba. Ƙa'idar ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta ce lokacin cin abinci ba ya zama wanda ba a biya sai an sauke wa ma'aikaci dukkan nauyin aiki, kuma gajeren hutu na minti 5 zuwa 20 ana lissafa shi cikin lokacin aiki, a biya. Dokar Afirka ta Kudu ta ce a biya ma'aikacin da aka buƙaci ya yi aiki ko ya zauna cikin shiri a lokacin cin abincinsa. Dokar Saudiyya ba ta lissafa lokacin hutu cikin awannin aiki, amma ta shardanta cewa a lokacin ma'aikaci ba ya ƙarƙashin ikon ubangida. Ghana kuwa ta ɗauki wata hanyar, inda minti 30 na wanda yake aiki a jere ke shiga cikin awannin aikinsa.

Rabin awa ba ta da yawa a ido, amma idan aka tara ta kwana 5 a mako, ta zama awa biyu da rabi, a wata kuma ta kai awa 10. Fiye da aikin yini guda ke nan da ake yi kyauta kowane wata.

Idan an ce in zauna cikin shiri ko da za a kira ni, wannan hutu ne ko aiki?

Ya danganta da yadda shirin ya ɗaure mutum. Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a 2000, ta sake jaddadawa a 2003, cewa likitan da aka wajabta masa kwana a asibiti yana jiran kira aiki yake yi, ko da an ba shi gado ya yi barci. A 2018 ta faɗaɗa wannan ga wani ɗan kwana-kwana a Beljiyam wanda yake zaune a gidansa, amma an shardanta masa ya isa wurin aiki cikin minti 8 da zarar an kira shi. Dalilin kotun shi ne wanda aka ba minti 8 ba shi da ikon zuwa ko'ina, don haka sunan yana gida ne kawai. Wanda aka ce ya bar wayarsa a buɗe, amma yana da isasshen lokaci kafin ya amsa kira, galibi lokacin da ya yi aikin ne kaɗai ake lissafa masa.

Akwai iyakar lokacin da ya kamata ya shiga tsakanin tashi daga aiki da komawa?

Akwai a ƙasashe da dama, kuma wannan ya fi shafar masu aikin karɓa-karɓa. Tarayyar Turai ta kayyade awa 11 a jere cikin kowace awa 24, Ghana da Afirka ta Kudu kuma awa 12. Ma'ana, a ƙarƙashin ƙa'idar awa 11, wanda ya tashi ƙarfe 10 na dare bai kamata a sa shi aikin ƙarfe 6 na safe ba. Hutun mako kuwa kusan ko'ina bai gaza awa 24 a jere ba, kuma Ghana ta kai shi awa 48. Idan larura ta sa aka yi aiki a ranar hutun mako, abin da aka saba shi ne a rama wa ma'aikaci da wata ranar, ko a biya shi da ƙari, gwargwadon abin da dokar ƙasar ta tanada.

Ni da kaina na fi son in bar hutun in ƙara samun kuɗi. Me ya sa doka za ta hana ni?

Tambaya ce mai ma'ana, domin mai iyali da albashi bai ishe shi ba yana ganin hutu asara ne. Dalili na farko shi ne yardar ma'aikaci a gaban wanda yake biyansa ba cikakkiyar yarda ba ce. Da doka ta bari a yafe hutu, da kowane sabon ma'aikaci sai an miƙa masa takardar yafewa tare da takardar ɗaukar aiki, kuma wanda ya ƙi sa hannu ya san ba shi za a ɗauka ba. Shi ya sa yarjejeniyar ILO ta 1970 kan hutun shekara ta ce duk wata yarjejeniyar da ma'aikaci ya yafe mafi ƙarancin hutunsa a cikinta ɓatacciya ce.

Dalili na biyu na lafiya ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da ILO sun fitar da ƙiyasin cewa mutum 745,000 sun mutu a 2016 sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da aikin awa 55 ko fiye a mako. Binciken ya nuna haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17 cikin 100, idan aka kwatanta da masu aikin awa 35 zuwa 40. Ga kuma wasu da gajiyarsu ba kansu kaɗai take cutarwa ba, kamar direban babbar mota da ma'aikaciyar jinya da mai sarrafa injin. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta wajabta wa direbobin manyan motoci hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma akwai na'ura a motar da ke rubuta lokacin.

Haka nan, wanda ya nemi a haɗa masa hutun tsakiyar aiki da lokacin tashi, domin ya koma gida da wuri, sau da yawa ba a amince masa. A Birtaniya ƙa'ida ce cewa hutun ya faɗo a tsakiyar aiki, domin amfaninsa shi ne ya katse gajiya.

Kwana nawa ne hutun shekara?

Ma'aunin ILO na 1936 ranakun aiki 6 ne bayan shekara guda, sannan aka ɗaga shi a 1970 zuwa mako 3. Tarayyar Turai ta tsaya a mako 4. Birtaniya tana ba mai aikin kwana 5 a mako ranaku 28, waɗanda ubangida yana iya lissafa ranakun hutun gwamnati a cikinsu. Faransa, wadda ta fara da mako 2 a 1936, ta kai mako 5 a 1982. Ghana ranakun aiki 15 ne, Saudiyya kwana 21 da ke komawa 30 bayan shekara 5 a wuri ɗaya, Japan kuma kwana 10 bayan wata 6. Dokar Ƙwadago ta Najeriya har yanzu tana kan ranakun aiki 6 bayan wata 12, ko da yake yawancin manyan kamfanoni da aikin gwamnati suna ba da fiye da haka. A Amurka babu dokar tarayya da ta wajabta hutun shekara mai biya, sai abin da kwantiragi ya ƙunsa.

Wajibi ne mai karanta kwantiragi ya lura da irin kwanakin da ake nufi. "Kwana 21 a jere" mako 3 ne cif, wato ranakun aiki 15 ga mai aikin kwana 5, alhali "ranakun aiki 21" sun haura mako 4. Mutane da yawa ba sa gane wannan bambancin sai ranar da suka cike takardar neman hutu. Wanda bai cika shekara ba kuma ana yi masa lissafi gwargwadon watannin da ya yi a inda doka ta tanadi haka: mai ranaku 24 a shekara yana tara ranaku 2 kowane wata, don haka bayan wata 7 yana da 14.

Wane ne yake zaɓar lokacin tafiya hutu?

A mafi yawan dokoki ubangida ne ke da magana ta ƙarshe, bayan ya tuntuɓi ma'aikaci, domin ba zai yiwu kowa ya tafi a lokaci ɗaya ba. Yana iya cewa ba wannan watan ba. Abin da ba shi da ikon yi shi ne ya riƙa ɗagawa har shekara ta ƙare, wata ta shigo, hutun ya bi ruwa. Yarjejeniyar 1970 ta ce idan za a rarraba hutun, kashi ɗaya ya kai mako 2 a jere sai dai in an yi wata yarjejeniyar, a kuma ba da shi cikin shekara guda, ragowar cikin wata 18. Dokar Najeriya ta yarda a jinkirta bisa yardar ɓangarorin biyu, amma kada lokacin tara hutun ya wuce wata 24.

Japan ta gano cewa ba hanawa kaɗai ke cinye hutu ba, har da kunya da tsoron idon abokan aiki. Tun daga 2019 ta ɗora wa ubangida nauyin tabbatar da cewa duk mai haƙƙin kwana 10 ko fiye ya tafi hutun aƙalla kwana 5 a shekara, in ba haka ba a ci kamfanin tara. Wannan dabara ce mai kyau, domin ta ɗauke nauyin roƙo daga kan mai rauni.

Ana iya ba ni kuɗi a madadin hutun shekara?

Muddin mutum yana kan aikin, dokokin Tarayyar Turai da na Najeriya da wasu da dama sun haramta musanya mafi ƙarancin hutu da kuɗi. Idan aikin ya ƙare, ko ta hanyar ajiye aiki ko ta sallama, to a nan ne ake biyan kuɗin kwanakin da aka tara ba a ci ba. Alawus ɗin hutu da wasu wuraren ke bayarwa ƙari ne a kan hutun, ba ya maye gurbinsa.

Yaya batun rashin lafiya?

Nan bambancin ƙasashe ya yi yawa ƙwarai. A Jamus ubangida yana biyan cikakken albashi har mako 6, daga nan inshorar lafiya ta karɓa. A Afirka ta Kudu ma'aikaci yana da kwatankwacin ranakun aikin mako 6 cikin kowace shekara 3. A Najeriya ranakun aiki 12 ne a shekara, da sharaɗin takardar likita. Dokar tarayyar Amurka ta 1993 ta ba da mako 12 ba tare da albashi ba, kuma sai ga wanda ya shekara a kamfanin da ke da ma'aikata 50 ko fiye, ya kuma yi aikin awa 1,250 cikin shekarar da ta gabata.

Nauyin ma'aikaci shi ne ya sanar da wuri, ya kuma kawo takardar likita idan an nema. Ubangida yana da haƙƙin sanin cewa mutum ba zai iya aiki ba da kuma tsawon lokacin, amma a ƙasashe da yawa ba shi da haƙƙin sanin sunan cutar. Wanda ciwo ya kama yana tsakiyar hutun shekara kuwa, Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa kwanakin jinyar ba sa cinye hutunsa, yana iya ɗaukarsu daga baya, saboda jinya da hutawa ba manufarsu ɗaya ba.

Mene ne haƙƙin mai juna biyu da mai shayarwa?

Yarjejeniyar ILO ta 2000 ta kayyade hutun haihuwa na aƙalla mako 14, wanda mako 6 na bayan haihuwa tilas ne, tare da kuɗin da bai gaza kashi biyu cikin uku na albashi ba. Shawarar da ke rakiyarta ta nemi a kai mako 18. Nijar tana kan mako 14, Ghana mako 12, Afirka ta Kudu wata 4, Birtaniya kuma mako 52, wanda ake biyan 39 daga ciki. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata 6 tana aiki.

Wurin da kuɗin ke fitowa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Inda aka ɗora wa ubangida shi kaɗai biyan albashin hutun haihuwa, sai ya riƙa kauce wa ɗaukar matan aure tun daga farko, ba tare da ya faɗi dalili ba. Shi ya sa ILO ta fi son a biya daga asusun inshorar jama'a ko baitulmali. Yarjejeniyar ta kuma haramta korar mace saboda ciki ko haihuwa ko shayarwa, ta ɗora wa ubangida nauyin tabbatar da cewa korar ba ta da alaƙa da su, ta kuma ba mace haƙƙin komawa kan matsayinta ko makamancinsa da albashi iri ɗaya.

Lokacin shayarwa tsohon haƙƙi ne, domin tun 1919 aka tanadi rabin awa sau biyu a rana, kuma yarjejeniyar 2000 ta ce a lissafa shi cikin lokacin aiki, a biya. Hutun uba kuwa sabon abu ne da ke yaɗuwa: Kenya tana ba da mako 2, gwamnatin tarayyar Najeriya ta amince da ranakun aiki 14 ga ma'aikatanta a 2021, Suwidin kuma tana ba iyaye biyu kwana 480 su raba tsakaninsu.

Dole ne a ba ni lokacin ibada?

Wasu ƙasashe sun ambace shi ƙarara. Dokar Saudiyya ta haɗa salla cikin dalilan hutun tsakiyar aiki, ta kuma rage aikin Musulmi zuwa awa 6 a rana a watan azumi. Wasu kuwa ta ƙofar hana wariya suke bi. Dokar kare haƙƙin jama'a ta Amurka ta 1964 ta wajabta wa ubangida ya yi sassauci mai ma'ana ga addinin ma'aikaci, sai dai in hakan zai jawo masa matsananciyar wahala, kuma a 2023 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce sai wahalar ta zama babbar asara kafin ta zama uzuri. A aikace, mafi yawan irin wannan buƙata ana biyanta ne ta hanyar daidaita lokacin hutun da mutum yake da shi dama, ko musayar ranar aiki da wani abokin aiki.

Masu aikin wucin gadi da 'yan aikin gida fa?

Mai aikin rabin lokaci yana samun hutu gwargwadon lokacin da yake yi. Matsalar ta fi tsanani ga waɗanda doka ba ta kira su ma'aikata ba. Wanda aka rubuta a matsayin ɗan kwangila mai zaman kansa ba shi da hutun shekara, shi ya sa kotuna a ƙasashe da dama suke duba haƙiƙanin dangantakar, ba sunan da aka sa mata ba: wa ke yanke lokacin zuwa da tashi, wa ke ba da umarni, kayan aikin na wane ne. A Najeriya kuma ma'anar "ma'aikaci" a Dokar Ƙwadago ta fi shafar masu aikin hannu da na akawu, ta fitar da masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru, don haka su kwantiraginsu ne madogararsu.

'Yan aikin gida sun daɗe a wajen kariyar doka, musamman masu kwana a gidan da suke aiki, waɗanda ba a san lokacin tashinsu ba. Yarjejeniyar ILO ta 2011 ta tanadar musu hutun awa 24 a jere kowane mako, ta kuma ce lokacin da suke zaune suna jiran a aike su a lissafa shi cikin aiki gwargwadon dokar ƙasa.

Tilas ne in amsa waya ko saƙon aiki bayan na tashi?

Faransa ta shigar da haƙƙin kashe waya cikin dokarta a 2017, inda ta sa kamfanoni su tattauna da ma'aikatansu kan lokutan da ba za a neme su ba. Ostireliya ta bi sahu a 2024, ta ba ma'aikaci damar ƙin amsawa matuƙar ƙin bai saɓa wa hankali ba. Inda babu irin wannan doka, ƙa'idar farko ce ke aiki: idan amsa saƙonnin ta zama aikin da ake sa ran mutum ya yi, to lokacin da ta ci lokacin aiki ne.

Mene ne ainihin nauyin da ke kan ubangida?

Bai isa a rubuta hutu a jadawali ba, sai an tsara aikin yadda hutun zai yiwu. Wurin da mutum ɗaya ne ke tsare da ƙofa ko kanta ko ɗakin marasa lafiya, babu mai karɓarsa, an riga an hana shi hutu ko da ba a furta ba. Haka nan inda aka ɗora wa ma'aikaci adadin aikin da ba zai kammalu ba sai ya haɗa da lokacin cin abincinsa. Bayan wannan akwai bayyana wa ma'aikaci haƙƙinsa a rubuce tun farkon ɗaukarsa, da biyan albashin hutu a kan lokaci, da kauce wa ramuwar gayya ga wanda ya nemi haƙƙinsa, ko ta hana shi ƙarin girma ko ta tura shi aikin da kowa ke gudu.

Rubuta lokutan aiki shi ma nauyi ne. A 2019 Kotun Tarayyar Turai ta ce dole ƙasashen ƙungiyar su wajabta wa kamfanoni tsarin auna awannin da kowane ma'aikaci ya yi a kullum, domin in babu rubutu babu yadda za a gane ko an keta iyaka. Inda zafin rana ke da haɗari akwai ƙarin nauyi: Saudiyya ta haramta aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, kuma Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna da irin wannan doka.

An hana ni hutuna. Ta ina zan fara?

A fara da karanta takardar ɗaukar aiki da littafin ƙa'idojin wurin, sannan a gwada su da dokar ƙasa, domin a san ko abin da aka hana haƙƙi ne na doka, ko na kwantiragi, ko kuwa al'adar wurin ce kawai. Daga nan sai a fara rubutawa a wani littafi na kai: ranar, lokacin shiga, lokacin tashi, ko an sami hutu, da wanda ya ce a ci gaba da aiki. A ajiye takardun albashi da saƙonnin da aka turo. Neman hutu kuma a riƙa yin sa a rubuce, a riƙe kwafi, saboda "na gaya masa ya ce to" ba ta zama hujja ranar da aka musanta.

Mataki na gaba shi ne magana da shugaban sashe cikin natsuwa, domin sau da yawa matsalar ta rashin tsari ce ba ta mugunta ba. Idan ba a gyara ba, sai a kai koke a rubuce ga sashen kula da ma'aikata ko wakilin ƙungiya, kuma koken mutum biyar ya fi na mutum ɗaya nauyi da aminci. Bayan nan akwai ofishin ƙwadago da jami'ansa masu bincike, sannan kotun da ke sauraron shari'o'in aiki. Kuskuren da ya fi cutar da masu gaskiya shi ne su tafi hutun da kansu ba tare da izini ba, domin hakan yana ba ubangida hujjar ladabtarwa ko sallama saboda ƙin zuwa aiki. A kuma kula da wa'adin shigar da ƙara, wanda a wasu ƙasashe watanni kaɗan ne, kuma galibi yana fara ƙirguwa ne daga ranar da aka tauye haƙƙin.